Finafinai na cewa mace ce abar tsoro, amma ba haka Batsari ta gani ba

A watan Satumban 2021 an ɗauki matakai biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Kano, kwanaki kaɗan a tsakaninsu. Ba a cika ambatonsu tare ba, amma sun haɗu a cikin wayoyin mutanen Batsari.

A Katsina, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, don a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu bayanai. Kafin nan an riga an hana sayar da fetur a jarka, an kuma rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure.

A Kano kuwa, Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah ta haramta nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa. Hujjarta ita ce matasa na iya koyon waɗannan laifuka daga kallo.

Sabis ya ɗauke a Batsari, amma kallo bai tsaya ba, domin fim ba ya buƙatar sabis muddin akwai memori da mai shagon cajin da ke tura finafinai. Sai dai matar da ta tsero daga ƙauye da goyo a baya ta raɓe a gidan dangi, idan ta kunna sabon fim da daddare, ba za ta ga irin mutumin da ya raba ta da ɗakinta ba. An hana nuna shi. Wadda ba a hana nunawa ba, kuma da wuya fim ya ƙare ba ta leƙo ba, ita ce makira: kyakkyawar macen da ke shiga rayuwar namiji ta wargaza ta.

Ba sai an gabatar da ita ba

Mai kallon finafinan Hausa yana gane ta tun kafin ta buɗe baki. Ɗaurin ɗankwalinta ya turo gaba, gyalen a kafaɗa yake, tana taunar cingam, makullin mota na lilo a yatsanta. Kiɗan da ake sakawa in ta shigo ma daban ne. Tana kallon namiji ido cikin ido, kuma ita ke fara magana.

A ɗaya ɓangaren ga uwargida, hijabi har ƙasa, kai a sunkuye, hawaye a kumatu. Aikinta a fim ɗin haƙuri ne, daga farko har minti goman ƙarshe.

Makirar kan zo a kamanni da yawa. Yau 'yar bariki ce da alhaji ya tsinto a otal, gobe sakatariya ce a ofis, ko ƙawar amarya, ko bazawarar da ta dawo unguwa, ko 'yar jami'ar da wayar hannunta ta fi ƙarfin albashin ubanta. Kusan kullum tana da abubuwa biyu: ƙawa mai zuga ta, da boka a bayan gari.

Bokan nan ba ƙaramin aiki yake yi wa labarin ba. Shi ne sabulun da ake wanke namiji da shi. Magidanci zai kori matarsa ta shekara ashirin da tsakar dare, ya daina ba 'ya'yansa abinci, ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, ya sayar da gidan gado, duk a kan idon mai kallo. Amma da zarar an tono layar da aka binne a bakin ƙofa, sai ya girgiza kai kamar wanda ya farka daga barci, ya yi salati, ya tambayi inda iyalinsa suke. Shi ke nan, ba shi da laifi, asiri ne. Uwargida ta share hawaye ta koma ɗakinta. Ita kuwa makira sai ta haukace ta shiga bin bola, ko mota ta kwashe mata ƙafafu, ko a ga an tasa ƙeyarta zuwa gidan yari.

Idan aka lura, wannan ba yabo ba ne ga maza. Labarin yana cewa dattijo mai furfura, mai rumfa a kasuwa da yaran shago goma, ba shi da ikon kansa da zarar wata ta yi masa fari da ido. Abin mamaki shi ne ba a cika jin maza sun yi ƙorafin cewa an raina musu hankali ba. Wataƙila don rainin yana zuwa da rangwame: wanda ba shi da ikon kansa, ba a tuhumarsa.

Tsohuwar baƙuwa ce

Ba Kannywood ce ta ƙirƙiro ta ba. Tana cikin tatsuniyoyin da kakanni ke yi wa jikoki, a matsayin muguwar kishiya, ko dabbar dajin da ta rikiɗe ta zama budurwa don ta auri maharbi ta san sirrinsa. Tana cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga fassararsa ta Hausa tun 1924. Littafin ya ginu ne a kan sarkin da ke kashe amarya kowace safiya saboda mace ɗaya ta ci amanarsa, amma da yawa sun fi tuna shi a matsayin shaida kan makircin mata, ba a kan kisan da sarki ya yi ta yi ba.

Akwai kuma hujjar da aka fi kafawa, wato maganar girman kaidin mata da ta zo a Suratu Yusuf. Ana jin ta a majalisa, a cikin mota, a bakin 'yan fim, a sharhin Facebook. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne, a cikin ƙissar, Azizun Masar ne ya furta maganar yana yi wa matarsa faɗa a kan abin da ta aikata. Kuma tun a farkon surar an yi amfani da kalmar kaidi a kan maza, 'yan'uwan Annabi Yusuf (AS), waɗanda suka jefa ƙaninsu a rijiya suka koma wa mahaifinsu da riga mai jinin ƙarya suna kuka. Ita matar Azizu daga baya ta fito ta amsa laifinta a gaban sarki, ta wanke wanda ta yi wa ƙazafi. Har yau ba a ji an mayar da "kaidin maza" karin magana ba.

Kwalliyar da makira ke yi a fim kuwa, yawancinta aro ce. Gidajen sinima na Kano irin su Rex da Palace da Plaza sun shafe shekaru suna nuna finafinan Indiya, inda aka raba mata gida biyu: jaruma mai kunya cikin sari, da mai rawar kulob da kofi a hannu, irin rawar da Helen ta yi suna da ita a finafinai kamar Caravan da Sholay da Don. Daga Kudu, Nollywood ta zo da tata a shekarun 1990, inda kyakkyawar mace kan zama macijiya ko 'yar aiken aljanu, kamar a Nneka the Pretty Serpent da Karishika.

Tarihinta a Amurka ya fi kama da abin da ke faruwa a Kano. Turawa na kiranta da sunan Faransanci, femme fatale, wato mace mai halakarwa. Ta yi tashe a shekarun 1940, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza zuwa fagen daga, mata suka shiga masana'antu suka fara karɓar albashi. Masu nazarin fim da dama na ganin fargabar mazan da suka dawo suka tarar gida ya sauya ce ta fito a allo. A fim ɗin Double Indemnity na 1944, Barbara Stanwyck ta fito a matar da ta ja hankalin wani dillalin inshora suka kashe mijinta, a ƙarshe ita ma harsashi ya same ta.

Dole ne ya same ta. Daga 1934 Hollywood na aiki da ƙa'idar tace finafinai da ake kira Hays Code, wadda ta ce mai laifi ba zai ci bulus ba. Don haka masu fim suka samo dabara: a nuna macen da duk kwarkwasarta har mai kallo ya ƙoshi, sannan a kashe ta a ƙarshe don masu tacewa su sa hannu.

Ko bayan an daina aiki da ƙa'idar, ɗabi'ar ba ta tafi ba. A Fatal Attraction na 1987, magidanci ne ya ci amanar matarsa da wata. Da aka gwada nuna fim ɗin ga 'yan kallo kafin a sake shi, ba su gamsu da ƙarshensa ba, sai aka sake ɗauka aka sa uwargida ta bindige farkar mijin a banɗaki. Glenn Close, wadda ta fito a matsayin farkar, ta nuna adawa da sauyin, amma kasuwa ta yi rinjaye. Mijin ya rungumi iyalinsa, fim ya ƙare.

Irin wannan ribar biyu furodusan Kano ke ci. Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, zuwa Wasila na 2000 da ya yi kasuwa da labarin matar da ta ci amanar mijinta, zuwa kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ɗan fim ya koyi cewa kalmar da ke buɗe masa ƙofa ita ce "faɗakarwa". Makira na kawo masa 'yan kallo da adonta da tsiwarta. Azabar da za ta sha a ƙarshe kuma ita ce shaidarsa ta cewa wa'azi yake yi.

Daga rol zuwa mai rol

Da a allo abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma a Kannywood katangar da ke tsakanin jaruma da abin da ta fito a kai ba ta da kauri. Sunan fim ma kan manne wa mutum: Fati Bararoji, Sadiya Gyale, Rukayya Dawayya, Hafsat Ɓarauniya. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, ta shafe shekaru tana fitowa a muguwar mace, har ta kai da an ga fuskarta a fosta an san gidan wani zai kama da wuta.

A watan Agustan 2007 wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya bazu a Kano. Mutum biyu abin ya shafa, jaruma da wani ɗan kasuwa wanda ba ɗan fim ba ne. Sunan jarumar kaɗai ya zama sunan badaƙalar, kuma sunan ma na fim ne, Hiyana, kalmar da ke nufin cin amana. Ita ce aka ci amanarta aka fitar da sirrinta, ita ce kuma ta shiga ɓuya. Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wata shida, masana'anta gaba ɗaya ta ɗanɗana kuɗarta. Sunan namijin kuwa, ƙalilan ne ke iya tuna shi a yau.

A watan Yulin 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan uku a Kofa da ke jihar Kano, bayan malamai da masu amfani da shafukan sada zumunta sun yi mata ca, suna cewa za ta zama matattarar baɗala. Wata uku bayan haka, a Oktoba, ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda ta riƙe hannu ta kuma rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Shi mawaƙin ba ɗan ƙungiyar ba ne, ya ci gaba da harkarsa. Ita sai da ta nemi afuwa, kuma sai da aka haura shekara guda kafin a janye hukuncin.

A 2020 an sake maimaitawa da Safiya Yusuf, Safara'u ta shirin Kwana Casa'in: bidiyonta na sirri ya fita, ta rasa gurbinta a shirin. Tambayar wane ne ya fitar da shi ba ta samu ko rabin zafin da zagin da aka yi mata ya samu ba.

Ba ana cewa al'umma ba ta da ikon kafa iyaka kan abin da take so a nuna mata ba ne. Tana da shi, kuma maza ma sun taɓa shan hukunci: an ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a 2008. Bambancin shi ne namiji kan fito daga gidan yari ya koma aiki da sunansa. Mace kuwa ko ba ta je kotu ba, tabon na bin ta har ɗakin aure, har kan 'ya'yanta.

Wanda Batsari ta sani

A yammacin Katsina, mutane ba sa buƙatar fim ya gaya musu kamannin halaka. Dajin Rugu ya ratsa Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya ya dangana da Zamfara, kuma daga cikinsa ake fitowa a kan babura, mutum biyu ko uku a kowane babur.

A watan Mayun 2019 an kashe mutum 18 a 'Yargamji da ke ƙaramar hukumar Batsari, a farkon damina, lokacin aikin gona. Ɓacin rai ya sa jama'a suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina don shugabanni su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar, duk a Batsari, aka ƙone gidaje da rumbuna. A daren 11 ga Disamban shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A farkon 2024 an tare motar mata masu rakiyar amarya a yankin Sabuwa aka kora gommai daga cikinsu daji.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mace mai jan baki ta kitsa. Maza ne da bindigogi. Abin da ya rage wa mata shi ne takaba, da marayu, da sayar da akuya da kwanukan jere don haɗa kuɗin fansa, da zaman gudun hijira a azuzuwan makarantu da kangaye, wasu har bara a titunan Katsina.

Duk da haka makira ta samu hanyar shiga wannan labarin ma. A shekarun nan rundunar 'yan sandan jihar ta sha yin holin matan da ake zargi da kai wa 'yan bindiga fetur, ko ɗauko musu harsasai, ko kai musu 'yan mata daji. Wasu sun amsa a gaban kyamara. Wannan ba ƙage ba ne, kuma duk wadda kotu ta samu da laifi, hukunci ya hau kanta kamar kowa. Jinin da aka zubar da harsashin da mace ta ɗauko ba ya bambanta da wanda namiji ya ɗauko.

Amma a duba yadda labarin ke yawo. Mazan da ake holinsu kan irin wannan zargi sun ninka matan nesa ba kusa ba: masu kai burodi, masu sayen shanun sata, masu gyaran babur, 'yan infoma da ke cikin gari ana sallah sahu ɗaya da su. Bidiyonsu kan wuce ba a daɗe ana magana ba. Da zarar mace ce, musamman in an liƙa mata "budurwar ɗan bindiga", sai ya karaɗe WhatsApp a yini ɗaya, sharhi ya koma kan mata gaba ɗaya, a ɗauko maganar kaidi a ɗora. Laifin namiji nasa ne shi kaɗai. Laifin mace na jinsinta ne.

Kuma ba a cika tsayawa a tambayi me kalmar "budurwa" ke nufi ba a ƙauyen da ɗan bindiga ke sanya wa haraji kafin a yi shuka ko girbi, inda mai gari kansa ba ya iya ce masa a'a. Yarinyar da aka aiko a ɗauka a irin wannan wuri, soyayya ta yi ko umarni aka bi? Fim ya riga ya koya wa mai kallo amsa tun kafin ya ji bayani: in ka ga mace kusa da ɓarna, ita ta jawo.

Faransa ta taɓa yin irin wannan. A 1917, shekarar da sojojinta suka sha kashi har wasu suka yi bore, ta gurfanar da wata mai rawa 'yar ƙasar Holan, Mata Hari, bisa zargin yi wa Jamus leƙen asiri, ta harbe ta a watan Oktoba. Masana tarihi da yawa na ganin bayanan da ta iya samu ba su kai girman laifin da aka ɗora mata ba. Amma ƙasar da janar-janar ɗinta suka gaza ta fi samun sauƙin nuna wa jama'a mace guda mai yawan samari. An bar jaki an daki taiki. Daga baya Hollywood ta mayar da ita fim.

Wadda ta fi kowa shiga tsaka mai wuya ita ce matar da ta dawo daga daji. A Arewa maso Gabas an riga an ga yadda abin ke kasancewa. Wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram suka tarar da ƙyama a gida, ana kiransu matan Boko Haram, ana kiransu annoba, ana tsoron 'ya'yan da suka haifa. Babu wani dalilin da zai sa a ɗauka cewa Batsari ko Runka ko Wagini sun fi ƙarfin wannan. Matar da ta yi wata biyu a hannun masu garkuwa, ta dawo ana yi mata barka da baki ana ƙare mata kallo da ido, ba ta buƙatar al'adar kallon da ke cewa duk macen da wani abu ya same ta, da hannunta a ciki.

Wa ake yafe wa, kuma cikin kwana nawa?

A nan ne lissafin ke ba da kunya. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, ya bayyana a Gusau a watan Fabrairun 2021 ya miƙa makamai, aka karɓi tubarsa. Ko wata biyu ba a cika ba. Bai daɗe ba ya koma daji, a can aka kashe shi. Rahama Sadau ta jira fiye da shekara a kan runguma.

Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa tukuicin naira miliyan biyar a kansa a 2020 bayan harin Kadisau a Faskari, an naɗa masa rawanin Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoto ta Zamfara a watan Yulin 2022. An dakatar da sarkin da ya naɗa shi, daga baya aka mayar da shi kujerarsa. A watan Yunin 2025 an ga Aleru a taron sulhu a ƙaramar hukumar Ɗanmusa yana jawabi, ɗaya daga jerin tarukan da aka yi a shekarar a Jibiya da Batsari da Safana da wasu wurare.

Mutanen da suka gaji da binne 'yan'uwansu suna da hujjar neman sulhu, kuma wanda ke zaune a Kano ko Abuja ba shi da bakin yi musu gori. Manomin da ya samu ya koma gonarsa ya san darajar abin da ya samu. Sai dai hotunan tarukan suna magana da kansu: maza a kan tabarma, maza a kan kujeru, maza a tsaye da bindigogi a kafaɗa da jigidar harsasai. Matan da aka mayar zawarawa, da waɗanda aka keta wa haddi, ba a ganinsu a sahun masu yanke shawarar abin da za a yafe.

Ke nan al'ummar da ke iya zama inuwa ɗaya da wanda ya ƙone gari ta saurari ƙorafinsa, ita ce kuma ke kasa yafe wa yarinyar da aka fitar da bidiyonta ba da saninta ba. Alhali shari'ar da ake kafa hujja da ita ta gindaya shaidu huɗu kafin a jefi mace da alfasha, ta kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi ya kasa kawo su.

Me ya sa mata ma ke son ta?

Akwai abin da ke dagula wannan bayani, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mata ne kaso mai yawa na masu kallon finafinan nan, mata na cikin masu rubuta su, kuma jarumai da dama sun fi son a ba su rol ɗin makira. Dalilin a fili yake. Ita kaɗai ce macen da ke da abin yi a labarin. Tana da buri, tana da dabara, tana riƙe kuɗinta, tana mayar da magana. Ta garin kuwa kuka kawai aka rubuta mata. Matar da ta yini tana haƙuri a gida, in dare ya yi ta ga wata ta tsaya ta gaya wa alhaji magana son ranta, ba abin mamaki ba ne ta ji wani sanyi a zuci, ko da ta san mota na nan tafe a kashi na ƙarshe.

Haka nan kishi da tuggu a gidan mata da yawa ba ƙirƙira ba ne. Akwai matan da ke cutar da kishiyoyi da 'ya'yan miji, kotuna sun shaida. Matsalar ba nuna muguwar mace ba ce. Matsalar ita ce fim ya sa duk wani ƙarfin hali da wayo da son kai na mace a cikin jaka ɗaya da mugunta, ta yadda yarinyar da ke kallo a Safana za ta tashi da sanin cewa hanya biyu ce a gabanta: ta yi shiru ta zama ta gari, ko ta buɗe baki ta zama abar tsoro.

Shirye-shirye masu dogon zango na Arewa24 da YouTube sun ɗan buɗe ƙofa, domin labarin da zai yi shekara ana kallo dole ya ba kowa fuska fiye da ɗaya. Manyan Mata na Abdul Amart ya taɓo sakin aure da yaran da iyaye maza ke watsarwa. A watan Mayun 2025 hukumar, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da shi Manyan Matan, bisa cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Rigimar ta takarda da izini ce. Batun yadda labari ke raba laifi tsakanin namiji da mace bai taso ba.

Marubuta mata na adabin kasuwar Kano sun daɗe da nuna cewa ana iya ba da labarin ta wata fuska. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jihar Katsina, ta cika littattafanta da mata masu ilimi da aikin yi waɗanda ba a mayar da su dodanni ba.

Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauki ainihin labarin da Kannywood ke maimaitawa ta juya shi. A littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro wata mace mai zaman kanta, Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Duk kayan haɗin makira sun cika. Amma marubuciyar ba ta wanke alhajin ba, tun daga sunan littafin an san wanda alhaki ke bi. Kuma ba ta ɓata shafukanta a kan kwalliyar Delu ba. Ta bi Rabi ne, tana dafa abincin sayarwa, tana biyan kuɗin makaranta, tana aurar da 'ya. Da alhajin ya karye, wuta ta cinye rumfarsa, sai maza suka taru suka matsa wa Rabi ta koma ta ɗauki nauyinsa, kuma Balaraba ta bar mai karatu ya ji ɗacin hakan ba tare da ta sa masa suga ba.

Irin su Rabi sun cika Batsari da Safana a yau, sai dai su ba kishiya ce ta raba su da mazajensu ba. An buga littafin a 1990, shekarar da Turmin Danya ya fito.